Jaririn Waliyyi a Hannun Doña Cirila

A garinmu Ozumapa babu wanda ke shan wahala kamar Waliyyi Antoniyo. Duk budurwar da ta ga shekaru suna tafiya babu mai sallama a ƙofar gidansu, sai ta sayi ɗan ƙaramin mutum-mutuminsa a kasuwa, ta kai shi ɗaki ta kifa shi, kai ƙasa ƙafafu sama, ta ce masa haka zai zauna har ranar da zai kawo mata miji. Masu tsaurin ido ba sa tsayawa nan, Jaririn da yake ɗauke da shi suke ƙwacewa su ɓoye a ƙasan akwati. Ba raini ba ne. Sabo ne ya yi yawa tsakaninmu da shi, har ya zama abokin wasa.

Amma da ƙananan na kasuwa ake wannan wasa. Babban, wanda ke cikin tsohon gidan zuhudu can kan tudu yana kallon kogi, ba a taɓa jin wanda ya yi masa haka ba. 'Yan zuhudun farko ne suka sassaƙa shi da itacen al'ul tun kakannin kakanninmu suna rarrafe. Gidan da a da ya cika da masu ibada, yanzu limamin cocinmu, Fada Honorio, kaɗai ya rage a ciki, shi da jemagu da wata tsohuwar bishiyar lemon tsami.

Duk shekara in bikin waliyyin ya gabato, matan kasuwa sukan zaɓi ɗaya daga cikinsu. Fada ya hau benci ya zare Jaririn daga kan littafin da ke hannun waliyyin, ya miƙa mata, ta kai shi gida ta goge shi ta ɗinka masa sabuwar riga, ta mayar da shi jajiberin biki. Ranar biki sai a sauko da waliyyin a saka shi a jirgin fito, a zaga da shi kogi ya sa masa albarka kafin ruwan damina ya cika shi. Kuma ba ya fita hannu biyu babu Jariri. Tsofaffi sun ce shekarar da aka yi wannan ganganci, kogi ya hau har tsakiyar kasuwa ya tafi da rumfunan masu kifi.

A bana Doña Cirila aka zaɓa, mai sayar da tamal, wato ƙullin masara da ake turarawa a ganyen ayaba, kuma zaɓen ya same ta cikin damuwa.

Doña Cirila ta daɗe da rasa mijinta. 'Yarta Yolanda tana aure a birnin Veracruz, kuma tun ranar da gwiwa ta ci amanar tsohuwar ta zame a matakalar kasuwa da tukunya a kai, Yolanda ta kafe. Ta bugo waya ta ce, "Mama, magana ta ƙare. Ranar biki muna zuwa da mota da kwalaye. Ki ci bikinki, washegari mu kwashe ki. Ba zan bar ki ke kaɗai a gida ba, in kin faɗi babu mai ɗaga ki." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi ciwo. Cirila ba ta son birni. Tana son rumfarta, tana son ƙararrawar gidan zuhudu da ke tashinta da asuba, tana son warin kogi. Kuma, ko da yake ba ta taɓa furta wa kowa ba, tana son Don Crisanto mai fito.

Shi Don Crisanto dogo ne, busasshe, mai farin gashin baki, bai taɓa aure ba. Aminin marigayi mijinta ne, a jirginsa ma aka haye da gawar zuwa maƙabarta. Kullum in ya sauke fasinjan farko sai ya nufo rumfarta da damin ganyen ayaba da ya yanko daga tsallake, wanda ba ta taɓa aikensa ba, ya ajiye a gefen murhu ya cire malafa.

"Barka da asuba, Doña Cirila."

"Barka kadai, Don Crisanto."

Ta kwance masa tamal mai zafi, ta zuba masa kunun masara. Ya ci a tsaye, ya share baki, ya dube ta kamar mai shirin faɗin wata babbar magana. Ta dakata da aiki ta jira. Sai ya ce, "Kogi ya ƙaru." Ko kuwa, in rani ne, "Kogi ya ragu." Ya mayar da malafa ya tafi. Shekara da shekaru ke nan, har yaran da suka fara ganinsa a nan sun yi aure sun haihu, shi bai wuce labarin kogi ba.

Ranar da Fada Honorio ya miƙa mata Jaririn, ta jira har sauran mata suka fita. Ta tsaya gaban waliyyin, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido.

"Antoniyo," ta ce, "ni da kai ba mu taɓa faɗa ba. Ina budurwa ban kifa ka ba, da ƙafarsa mijina ya zo. Na share maka wannan ɗaki, na kawo maka furanni, ban taɓa roƙonka ko allura ba. To yau na zo. Ka san mutumin, ka san abin da nake jira. Ka buɗe masa baki kafin biki. In ba haka ba, na rantse, yaron nan ba za ka sake ganinsa ba." Ta naɗe Jaririn a mayafinta ta fita, ba ta waiwaya ba.

Rigar kuwa a yini ɗaya ta gama ta, farin yadi mai sheƙi da zaren zinariya a wuya. Ta sa masa, ta zaunar da shi a kan kabad kusa da hoton mijinta, ta zuba ido.

Washegari Don Crisanto ya zo, ya ajiye ganye, ya ci, ya share baki, ya dube ta.

"Kogi ya ƙaru."

"Ai na gani," ta ce. Ta ture murfin tukunya da ƙarfi har kaza ta tsorata.

Haka aka yi ta yi har jajiberi ya zo. Da hantsi sai ga Fada Honorio a kasuwa, yana dogara lema, doguwar rigarsa tana share ƙasa.

"'Yata, yau ne fa. Ina baƙonmu?"

"Rigar ba ta ƙare ba, Fada."

"Rigar yaron da bai kai tsawon kwalba ba? Ko labulen coci kike ɗinka masa?"

"Idona ne, Fada. Zare ba ya shiga allura."

Fada ya dube ta, ya dubi damin ganyen ayaba da ke gefen murhu, ya sake dubanta. Tsoho ne da ya ɗaura auren rabin garin nan, ya binne sauran rabin, ba a yi masa irin wannan ƙarya. Ya karɓi tamal ɗinsa ya juya yana ɗan tari mai kama da dariya.

Yana tafiya Otilia mai kifi ta faɗo rumfar, hannu duk ɓawon kifi. Otilia ce ta riƙe Yolanda ranar baftisma, don haka ita da Cirila comadre suke kiran juna, kuma babu abin da ɗaya ke ɓoye wa ɗaya sai wannan.

"Comadre, ruwa ba ya tsami banza. Ke da kika ɗinka rigar amarya a kwana biyu?"

"Ki koma kan kifinki, ƙuda sun fara biki."

"Tabɗi!" Otilia ta dafe ƙirji. "Garkuwa kika yi da shi! Babban! Da furfurarki! Kai, comadre, ba ki da tsoron Allah. Wane ne? Mai kantin magani? A'a, wannan ba shi da haƙori. Ko dai..." Idonta ya faɗa kan ganyen ayaba. Ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta zauna a kan buhun masara. "Wayyo, waliyyi ya shiga uku! Kin ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Ai gara ki ce ya sa dutse ya yi waƙa."

"In kin faɗa wa kowa, ni da ke mun raba jaha."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata."

Kafin rana ta karkata babu wanda bai sani ba a kasuwar Ozumapa, tun daga masu barkono har masu gyaran takalmi, cewa Doña Cirila ta riƙe Jariri. Sunan mutumin ne kawai Otilia ta iya haɗiyewa, shi ma da ƙyar. Gari ya rabu biyu. 'Yan mata suna wucewa ta gaban rumfar suna mata jinjina. Masu kifi kuwa, da rumfunansu ne a bakin ruwa, suna kallon gajimare suna gunaguni. Cirila ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Duk lokacin da ta yi niyyar mayar da Jaririn sai ta tuna da kwalayen Yolanda.

Gari ya waye ranar biki, ƙararrawa tana ta bugawa. An ƙawata jirgin Don Crisanto da ganyen dabino da furanni, masu kiɗan marimba sun kafa kayansu a mashigi, an sauko da waliyyin a kafaɗun maza har bakin ruwa, littafinsa a buɗe babu kowa a kai. Mutane suka yi cirko-cirko. Fada Honorio ya duba jama'a, ga dattawa, ga shugabar matan kasuwa, ga ɗan sandan gari, duk ya tsallake su.

"Crisanto, ɗana, jirginka ne ba zai tashi ba. Je ka karɓo mana yaron."

"Ni, Fada?"

"Kai. Kuma kada ka dawo hannu biyu."

Cirila tana zaune a ɗakinta cikin kayan biki, Jariri a cinya, ta ji sallamarsa. A tsawon shekarun nan bai taɓa taka ƙofar gidan ba tun ranar jana'iza. Ya shigo yana juya malafa a hannu, kansa ya kusa taɓa rufi.

"Barka da asuba, Doña Cirila."

"Don Crisanto, in ka ce mini kogi ya ƙaru, da wannan tukunyar zan jefe ka."

Ya haɗiye maganar, don ita ce a bakinsa. Ya dubi Jaririn. "Ga riga ai ta ƙare."

"Ta ƙare."

"To Fada ya ce..."

"Na san abin da Fada ya ce. Ba da Fada nake rigima ba. Na roƙi waliyyi abu, bai yi ba. In ya yi, ya karɓi ɗansa."

Don Crisanto ya daina juya malafar. Ɗan garin nan ne, ya san abu ɗaya ne ake ƙwace wa Antoniyo Jariri a kansa. A kasuwa ya ji ana ƙus-ƙus, ya ɗauka sharrin masu kifi ne. Yanzu da ya ji daga bakinta sai fuskarsa ta canza.

"Ashe gaskiya ne," ya ce. "Miji kike nema."

"In ma shi ne fa?"

"Wane ne? Mai kantin magani ne, ko? Na ga yadda yake daɗewa a rumfarki."

"Ina ruwanka?"

"Ba adalci!" Muryarsa ta fita da ƙarfin da ita da shi duka suka firgita. "Wannan ba adalci ba ne! Ke kwana nawa kika yi kina matsa masa, har kina fushi bai biya miki ba? Ni nawa fa? Nawa yana can ƙarƙashin katakon gaban jirgi, na ɗaure shi da igiyar kamun kifi kai ƙasa, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, tun shekarar da kika cire baƙaƙen kayan takaba. Kullum da safe sai na leƙa na ce masa, 'Yau fa.' Bai taɓa motsawa ba. Yanzu kuma zai ɗauke ki ya ba mai kantin magani!"

Ya tsaya yana haki. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Malafar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Cirila ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wanda ta ɗauka an binne shi tare da mijinta. Hawaye ya cika mata ido. Amma mace ce da ta yi shekaru tana ciniki, ba ta sakin kaya sai ta ji magana a fili.

"Me ka roƙe shi, Don Crisanto?"

"Na... na roƙe shi ya sa ki gane."

"In gane me? Ganyen ayaba ba ya magana."

"Aminina ne mijinki. Na ce kada ki ga kamar jira nake ya kauce. Daga baya kuma na ce, me za ta yi da tsoho mai warin kifi da man inji? Sai na bar wa waliyyi."

"Kai ka bar masa, ni na bar masa, shi kuma itace ne ba ya zuwa aike. To ga ni, ga ka. Faɗi."

Daga mashigi ana jiyo ƙararrawa da kukan yara da suka gaji da jira. Don Crisanto ya sunkuya ya ɗauki malafarsa, ya kakkaɓe ta, ya rungume ta a ƙirji. Gumi yana zuba masa kamar wanda ya tuƙa jirgi gaba da igiyar ruwa.

"Cirila," ya ce, karo na farko babu Doña, "kada ki tafi birni. Ki aure ni. In kin faɗi ni zan ɗaga ki."

"Ka ga? Ka mutu?"

"Saura kaɗan."

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara, ya kama mata gwiwar hannu. Haka suka fito, ita ɗauke da Jariri, shi riƙe da ita, suka gangara ta tsakiyar kasuwa.

Otilia ce ta fara hango su. Ta saki guɗa da sai da tantabarun gidan zuhudu suka tashi. "Ya yi magana! Jama'a, dutse ya yi waƙa!" Masu marimba suka ɗauka, aka harba wutar biki sama tana fashewa, karnuka suka ruɗe. Masu kifin da jiya suke zaginta su ne suka fi kowa tafi. 'Yan mata kuwa kallon waliyyin suke da wani irin ido, har Fada Honorio ya ɗaga lema ya ce, "Kada wadda ta kuskura! Baɗi ni zan ɗinka rigar da kaina."

Cirila ta matsa gaban waliyyin ta ɗora masa Jaririn a kan littafi, ta gyara masa wuyan riga. "Ga ɗanka," ta ce a hankali. "Na gode. Amma ka ja rai."

"Shi ma cewa ya yi kin ja rai," in ji Fada. "Shiga jirgi, 'yata, ruwa na haɗowa."

Ana cikin shiga sai ga wata farar a-kori-kura ta tsaya a saman gaɓa, bayanta cike da kwalaye. Yolanda ta fito da gudu, ta tsaya turus da ta ga uwarta zaune a gaban jirgi cikin furanni, hannunta a cikin na Don Crisanto.

"Mama! Me ke faruwa?"

"Kin zo a daidai, 'yar baftismata," Otilia ta ce, ta rungumo ta. "Kada ki mayar da kwalayen nan. Kaya za a kwashe, amma iyakarsu gidan mai fito, can gindin mangwaro."

Yolanda ta matso bakin jirgi. Ta dubi fuskar uwarta, ta ga abin da rabonta da gani tun tana yarinya, sai ta sa hannu ta toshe baki tana kuka tana dariya.

Jirgi ya tashi. Da suka kai tsakiyar kogi, ana waƙa, Fada yana yayyafa ruwan albarka hagu da dama, Cirila ta sunkuya ta zura hannu ƙarƙashin katakon da take zaune a kai. Ta lalubo igiya, ta jawo. Ga shi nan, ɗan ƙaramin Antoniyo bai fi tafin hannu ba, a ɗaure ta ƙafa. Ruwan jirgi ya cinye fentin kansa gaba ɗaya, babu ido babu baki, sai farin itace sumul. A nan ta ga tsawon shekarun da mutumin nan ya yi yana sonta, fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa, sai hawayen suka dawo.

Ta kwance igiyar da haƙori. Ta goge shi da mayafinta, ta juya shi ta tsayar da shi a kan ƙafafunsa a cinyarta, fuskarsa tana kallon gari.

"Yi haƙuri, bawan Allah," ta ce masa. "Ba laifinka ba ne, da bebe aka haɗa ka."

Don Crisanto yana riƙe da sitiyarin inji, kunnuwansa sun yi ja. Ɗigon farko na damina ya faɗo masa a malafa. Ya dubi ruwa, ya dube ta, ya buɗe baki.

"Faɗi abinka," ta ce. "Yau na yarda."

"Kogi ya ƙaru, Cirila."

"Bar shi ya ƙaru. Ina nan."